Zaman Haƙuri Na Shekara 14 A Garin Newcastle

Uwargida sarautar mata, da ke budurwa adon gari, na san kun sha ganin maigida ko yaya ko ƙane ya shigo da daddare fuska a murtuke, a ajiye masa tuwo ya ture, a ce lafiya? ya ce lafiya lau. Sai can daga baya a gane wai ƙungiyarsu aka ci. Ƙungiyar da take can wata uwa duniya, ba ta ma san da zamansa ba. To wannan fa na nesa ke nan, a gidan kallo yake gani. Yau tarihin waɗanda abin yake a ƙofar gidansu zan ba ki. Kakanninsu ne suka kafa ƙungiyar, rana ɗaya wani baƙo ya sa kuɗi ya saye ta, ya riƙe ta shekara 14, ta faɗi sau biyu a hannunsa, su kuwa ba su da ikon cewa kanzil.

Newcastle gari ne a arewa maso gabashin Ingila, a bakin kogin Tyne. Asalinsa garin leburori ne, masu haƙar kwal da masu ƙera jiragen ruwa. Sana'o'in nan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har abin tinƙahon da ya rage wa talakan garin bai wuce ƙungiyar ƙwallonsu ba, wato Newcastle United, wadda aka kafa a 1892, mai riga baƙi da fari. Filinsu, St James' Park, a kan tudu yake a tsakiyar gari, yana cin mutum wajen 52,000. Landan da Manchester da Liverpool kowanne ya rabu gida biyu ko fiye, amma Newcastle ƙungiya ɗaya ce tilo. Har da mata ake zuwa, za ki ga kaka riƙe da hannun jikarta. Kuma ba don yawan cin kofi suke wannan so ba, don bayan 1955 ba su sake ɗaukar babban kofin cikin gida ba sai a 2025, sai wani na Turai da suka ɗauka a 1969.

Bari in yi miki bayanin faɗuwa tukuna, don a nan ciwon yake. A gasar Firimiya ƙungiyoyi 20 ne, kowacce ta buga wasa 38 a kaka guda. Wadda ta ci ta sami maki 3, in an yi canjaras kowa maki 1. A ƙarshe sai a duba ukun da suka zo ƙarshe a kora su aji na ƙasa, wanda 'yan kallo ke kira gasar 'yan dagaji, a hauro da wasu uku. Kuɗin talabijin da ake rabawa ya tsinke, manyan 'yan wasa su kama gabansu, a rage ma'aikata. Maƙwabta kuma su sami abin yi da baki har shekara ta zagayo.

A 2007 ne Mike Ashley, attajiri mai kantunan kayan wasanni da ake kira Sports Direct, ya sayi ƙungiyar a kan fam miliyan 134 ko kusa da haka. Da farko ba ki ga ɗoki ba, kamar na sabon ango. Ya ƙi zama a rumfar manya, ya sa riga baƙi da fari ya shige cikin talakawa ana ihu da shi. A watan Janairun 2008 ya dawo musu da Kevin Keegan, kocin da ya kusa ciyo musu gasar a 1996, mutumin da suke ji da shi kamar me. Kowa ya ce kakarsu ta yanke saƙa. Ashe kallon kitse ake yi wa rogo.

Kin san yadda ake ba mace girki amma mabuɗin sito yana ƙugun wata? Haka aka yi wa Keegan. Aka naɗa wani mai suna Dennis Wise a kan harkar saye da sayar da 'yan wasa. Aka sayar da James Milner, aka ɗauko aron wani ɗan wasa ɗan ƙasar Yurugwai wanda Keegan bai so ba, da ya yi magana wai sai aka ce ya je ya kalli wasansa a YouTube. A watan Satumba ya ajiye aikin. Daga baya, a 2009, kwamitin da ya saurari ƙararsa ya ce da gaskiyarsa, tura shi aka yi har ya kai bango, aka ce a biya shi fam miliyan 2. Daga ranar da Keegan ya fita, ruwa ya yi tsami tsakanin Ashley da mutanen gari, kuma bai ƙara daɗi ba.

A wannan kaka guda mutum huɗu ne suka ja ragamar ƙungiyar. Na ƙarshensu Alan Shearer ne, ɗan garin, wanda ya ci musu ƙwallo 206, ba wanda ya kai shi a tarihinsu. Wasa takwas aka ba shi ya yi ceto, ɗaya kacal ya ci. Ranar 24 ga Mayun 2009 suka je gidan Aston Villa, canjaras kawai suke nema su tsira. Aka bugo wata ƙwallo daga nesa, ta daki ƙafar ɗan wasansu Damien Duff ta karkace ta faɗa ragarsu. Shi ke nan, ɗaya da nema. Bayan shekara 16 a Firimiya suka sauka, maki ɗaya tak ya raba su da tsira. Maza da gemu suna sharɓar kuka a gaban kyamara.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, ki tambayi mutanen garin, da yawa za su ce shekarar da suka yi a ƙasa tana cikin masu daɗi. Masu tsada irin su Michael Owen da Obafemi Martins suka tafi. Waɗanda suka tsaya suka haɗa kai. Cikinsu har da Shola Ameobi, wanda a Zariya aka haife shi, iyayensa suka koma Newcastle da shi yana ɗan shekara biyar. A wasansu na farko a gida shi kaɗai ya zura ƙwallo uku a ragar Reading. Sama da mutum 40,000 ke cika filin a yawancin wasanni, ba wanda ya ci su a gida har kaka ta ƙare. Suka tara maki 102, suka tabbatar da zama zakaru a garin Plymouth, tafiyar sama da mil 400, kuma dubbai sun bi su har can a daren Litinin. Faɗuwa dai ana jure ta, tunda akwai hanyar tashi.

Wulaƙanci ne ya fi ci musu rai. Chris Hughton, kocin da ya hauro da su, mutum mai sanyin hali, aka sallame shi a Disambar 2010 alhali suna tsakiyar teburi lafiya lau. Kusan wata biyu bayan haka aka sayar da Andy Carroll, ɗan gida, ga Liverpool a kan fam miliyan 35. Sannan a Nuwambar 2011 aka yi wadda ta fi kowacce, aka cire sunan St James' Park aka mai da shi Sports Direct Arena. Ki ɗauka a wayi gari mai haya ya kankare sunan kakanki daga jikin zauren gidanku ya rubuta sunan shagonsa. Magoya baya suka ɗauko akwatin gawa suka zaga da shi a bakin filin, wai suna jana'izar sunan. Ba wanda ya yarda ya kira sabon sunan da bakinsa. A 2012 sunan ya dawo, amma ta wace hanya? Wani kamfanin ba da bashi da kuɗin ruwa mai tsanani, Wonga, shi ya biya aka mayar, aka kuma buga sunansa a ƙirjin riga. Papiss Cissé, ɗan Senegal, Musulmi, ya ce shi ba zai sa rigar tallan riba ba. Aka yi ta ja-in-ja a 2013, daga baya ya yi shawara da iyalinsa da malamai ya haƙura ya sa.

Labarin Jonás Gutiérrez kuwa, Allah sarki. Ɗan Ajantina ne, yana cikin waɗanda suka ƙi gudu a 2009. Ciwon daji ya kama shi, aka yi masa aiki, ya sha magani har gashin kansa ya zube, ya warke ya dawo fili. Ranar ƙarshe ta kakar 2015 ƙungiyar tana bakin rami, shi ya ba da ƙwallon farko aka ci, shi ya ci ta biyu a ragar West Ham, suka tsira. Bayan 'yan kwanaki aka sallame shi ta wayar tarho. Ba ma kiransa aka yi shi kaɗai ba, an gama sallamar abokin wasansa ne aka ce ya miƙa masa wayar. A 2016 kotun ma'aikata ta yanke cewa an nuna masa bambanci saboda ciwonsa.

In za a faɗi gaskiya, Ashley bai wawashe kuɗin ƙungiya ba. Ya tarar da bashi jibge, ya zuba nasa sama da fam miliyan 100 a matsayin rance ba ruwa. Sai dai lissafinsa na ɗan kasuwa ne zalla. A tsaya a Firimiya ko da a na 17 ne, kuɗin talabijin ya shigo, tallan kantinsa ya cika bangon fili duniya ta gani. Kofi kuwa, shugabannin sun faɗa wa wakilan magoya baya ƙiri-ƙiri cewa ba shi ne a gabansu ba. Shi ya sa aka ɗaga wani ƙyalle da ya yi suna, ma'anar rubutun ita ce ba su ce dole sai an ci ba, su dai a nuna musu ana ƙoƙari.

To yaya za su yi? Nan fa ake yin ta. Ke da kika san zaman 'ya'ya, kin fi kowa gane wannan. Mace ta gaji da halin miji, amma in ta fita wa za ta bar wa yaran? In sun sayi tikiti, aljihun Ashley suka cika. In sun ƙaurace, 'yan wasansu suka bari a fili ba mai ƙarfafa musu gwiwa, kuma kujerar da mutum ya gada tun daga ubansa wani zai haye. Gardama ta shiga har cikin gidaje, wa yana cewa duk mai zuwa munafuki ne, ƙane yana cewa ni na riga Ashley zuwa filin nan kuma zai tafi ya bar ni. A Afrilun 2015 aka shirya ƙaurace wa wasan Tottenham, dubbai suka ƙi shiga, amma waɗanda suka shiga sun fi yawa. Ni dai ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Faɗuwa ta biyu a 2016 ta zo, kuma ta fi ɗaci, domin Sunderland ce ta tura su, maƙwabciyarsu kuma kishiyarsu ta tun fil azal. Ranar 11 ga Mayu Sunderland ta ci Everton uku ba ko ɗaya, ta tsira, Newcastle ta nutse ba tare da ta taɓa ƙwallo ba a daren. Saura wasa ɗaya a gida, da Tottenham. Kowa ya zaci zaman makoki za a yi. Ina! Filin ya cika maƙil, tun daga farko har ƙarshe suna kiran sunan Rafael Benítez, babban kocin nan ɗan Sifaniya da aka ɗauko saura wasa goma, suna roƙonsa kada ya tafi. Yana da damar tafiya a yarjejeniyarsa. Suka lallasa Tottenham biyar da ɗaya, alhali an kori mutum ɗaya daga cikinsu da jan kati. Benítez ya zauna. A kakar da ta biyo baya, a gasar 'yan dagaji, sama da mutum 51,000 ke shiga kowane wasa in aka yi lissafi, suka sake hauro wa a matsayi na ɗaya.

A wannan tsakanin ne suka koyi juya baƙin cikinsu zuwa wani abin. A 2017 wasu suka fara kafa rumfa a bakin filin ranar wasa, mai gwangwanin wake ya kawo, mai taliya ya kawo, mai 'yan canji ya jefa a bokiti, a kai wa rumbun ciyar da mabuƙata na yammacin garin. Wasu suka haɗa kuɗi suna ɗinka manyan tutoci. Wasu kuma suka koma yin zanga-zanga a ƙofar kantunan Sports Direct. Da Benítez ya gaji ya tafi a Yunin 2019, haƙuri ya ƙare wa da yawa. Dubbai suka mayar da tikitinsu na shekara, masu tutoci suka naɗe kayansu suka ce sai ranar da Ashley ya tafi. Kujeru suka fara zama wayam, har a Disamba ƙungiyar ta raba tikitin rabin kaka guda 10,000 kyauta don a rufe kunya. A garin da a da sai an bi layi ake samun wurin zama.

Ranar 7 ga Oktoban 2021 aka sayar da ƙungiyar a kan kusan fam miliyan 305. Asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya ɗauki kashi 80 cikin 100. A daren nan bakin filin ya cika, ana rungumar juna, wasu har da ɗaura ƙyalle a ka irin na Larabawa. Sai dai ba kowa ya yi murna ba. Ƙungiyar Amnesty ta yi suka, haka ma matar da za ta auri Jamal Khashoggi, ɗan jaridar da aka kashe a ofishin jakadancin Saudiyya na Santambul a 2018, ta roƙi a hana cinikin. Aka yi ta tambayar magoya baya ko ba su ji kunya ba. Wasunsu abin ya dame su har yau, wasu suka ce lokacin da aka sayar wa Ashley ba a tambaye su ba, yanzu ma ba wanda ya tambaye su. Kuma haka ɗin ne, a cinikin biyu ba inda aka nemi sa hannunsu.

Sababbin masu gida suka fara da abin da ba ya cin kuɗi sosai. Aka sauke allunan Sports Direct daga bango, aka matso da mutum-mutumin Shearer cikin harabar filin, wanda a da a waje aka bar shi. Eddie Howe ya karɓi ƙungiyar tana cikin jerin wasa 14 na farko da ta buga ba nasara, ya gama da ita a ta 11. Ranar 16 ga Maris 2025, a filin Wembley, suka ci Liverpool biyu da ɗaya suka ɗauki kofin League Cup, shekara 70 cif bayan na 1955. Wanda ya ci ta farko da ka shi ne Dan Burn, ɗan garin Blyth da ke kusa, wanda Newcastle ta sallama yana ɗan shekara 11, har ya taɓa aikin tura keken kaya a wani babban kanti kafin ya dawo gida yana da shekara 29.