Minti 22: Tarihin Rigimar Gogewa da Gyara a Wikipedia

A watan Satumba na 2007, Jimmy Wales, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Wikipedia, ya buɗe sabon shafi ya yi ɗan gajeren rubutu a kan wani gidan nama mai suna Mzoli's da ke unguwar Gugulethu, kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu. A wancan lokacin, wuri ne da mutum ke sayen nama a gasa masa nan take. Bayan minti 22, wani matashi ɗan shekara 19 daga cikin admin ɗin shafin ya goge rubutun, yana cewa bai nuna dalilin da wurin ya isa a yi masa shafi ba. Mai gida ne da kansa aka share wa rubutu a tsakar gidansa. An dawo da shafin, aka kai maganar zauren muhawara, aka yi ta cacar baki, daga ƙarshe aka bar shi.

Kullum muna buɗe Wikipedia a wayoyinmu, mu karanta mu wuce, kamar rubutun da ke ciki daga sama ya faɗo. Amma duk shafin da muka tarar ya tsallake wata tambaya: wa ke da ikon gogewa, kuma da wace hujja? An kwashe shekaru ana faɗa kafin a samu amsar da ake aiki da ita yau.

Abin ya samo asali ne a 1995, lokacin da wani marubucin manhaja a Amurka, Ward Cunningham, ya ƙirƙiri shafin da duk wanda ya shigo zai iya gyarawa. Ya ari sunan daga harshen mutanen Hawai, inda "wiki wiki" ke nufin sauri-sauri. Masu amfani da shafin 'yan sana'a ɗaya ne, kuma ba su da yawa. Da aka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001, sai aka ɗauki wannan tsari na 'yan gida aka miƙa wa duniya baki ɗaya.

Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san dabarar da ta hana abin rushewa. Manhajar tana adana kowane gyara, da lokacinsa da sunan wanda ya yi shi. Idan wani ya ɓata shafin da aka yi wata guda ana ginawa, cikin daƙiƙa kaɗan za a mayar da shi yadda yake. Gyaran ɓarna ya fi yin ɓarnar sauƙi. Sai dai wannan maɓalli na mayarwa bai san mai gaskiya ba. Mutum biyu da kowanne ke ganin shi ne daidai za su iya kwana suna warware aikin juna.

Rigimar da ta fi fito da wannan fili ita ce ta sunan wani birni da ke gaɓar tekun Baltic. Mutanen Poland suna kiransa Gdansk, Jamusawa suna kiransa Danzig. A 1308 ne mayaƙan Jamusawa na ƙungiyar Teutonic suka ƙwace shi. Daga baya ya yi fiye da shekara 300 a ƙarƙashin sarautar Poland, alhali yawancin mazaunansa Jamusanci suke yi. Tsakanin 1920 da 1939 birni ne mai cin gashin kansa, kuma a nan aka harba harsasan farko na Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 ya koma hannun Poland, Jamusawan da ke ciki suka gudu ko aka kore su. Saboda haka duk wanda ya zaɓi suna ɗaya, kamar ya yanke hukunci ne a kan wanda ke da birnin. Editoci sun daɗe suna canza sunan, wannan ya sa, wancan ya cire, har cikin shafukan mutanen da aka haifa a garin.

A farkon 2005 aka kaɗa ƙuri'a. Matsayar da aka cimma ita ce a rubuta Danzig idan ana maganar shekarun 1308 zuwa 1945, a rubuta Gdansk kafin nan da bayan nan. Wannan matsaya ba ta yi wa kowa daɗi gaba ɗaya ba, amma ta ba mutane damar komawa bakin aiki.

Irin waɗannan rigingimu ne suka haifi dokokin gidan. A ƙarshen 2003 Wales ya kafa kwamitin sasanci, wanda ke duba halayyar masu faɗa, ba ya yanke hukunci a kan wanda bayaninsa ya fi gaskiya. A 2004 aka tabbatar da dokar da ta hana mutum warware gyara fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24. Wanda ya karya ta, a kan dakatar da shi na ɗan lokaci, ko da kuwa shi ke da gaskiya a kan batun. Manufar ita ce a tilasta wa masu jayayya su koma shafin tattaunawa da ke maƙale da kowace maƙala, su kawo hujja.

Gogewar shafi ɗungurungum kuwa ta fi zafi. Tun a shekarun farko editoci suka rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na cewa Wikipedia ba takarda ba ce da za ta cika, don haka a bar ƙaramin shafi ya girma a hankali. Ɗaya ɓangaren na cewa duk shafin da babu mai kula da shi kafa ce ta ƙarya da talla.

Abin da ya faru a 2005 ya ƙarfafa ɓangare na biyu. Wani mutum, da sunan wasa, ya rubuta cewa an taɓa zargin John Seigenthaler da hannu a kisan John Kennedy da ƙaninsa Robert. Seigenthaler tsohon ɗan jarida ne da ya yi aiki tare da Robert Kennedy, yana ma cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa. Ƙaryar ta yi kusan wata 4 a shafin babu wanda ya cire ta. A ƙarshen Nuwamba ya fallasa lamarin a jaridar USA Today. A watan Disamba aka hana wanda bai yi rajista ba buɗe sabon shafi a Wikipedia ta Turanci, aka kuma tsaurara doka a kan rubutu game da mutanen da ke raye: duk zargin da ba shi da madogara, a cire shi nan take.

A yau tsarin ya zauna. Shirme, talla da satar rubutu, admin na iya goge su kai tsaye. Abin da ake shakka a kansa, a kai shi muhawara ta kwana 7. A 2005 aka cire kalmar "ƙuri'a" daga sunan wannan zaure, domin a nuna cewa ƙarfin hujja ake dubawa, ba yawan hannu ba. Shafin da aka goge ba ya ɓacewa daga rumbun manhajar; ɓoye shi ake yi daga idon jama'a, kuma ana iya ɗaukaka ƙara a dawo da shi. Ma'aunin da ake amfani da shi guda ne: shin wasu majiyoyi amintattu, masu zaman kansu, sun yi rubutu mai yawa a kan abin?

Wannan ma'auni ya toshe ƙarya da yawa, amma ya gaji duk giɓin da ke cikin jaridu da littattafan duniya. A 2010 wata ƙungiyar mawaƙa a Kenya, Just a Band, ta fitar da bidiyon da ya sa sunan Makmende, wani gwarzon barkwanci, ya cika bakin matasan ƙasar. 'Yan Kenya suka yi ta buɗe masa shafi ana gogewa, sai da kafafen labarai suka yi rubutu a kansa sannan shafin ya tsaya. A watan Mayu na 2018 an ƙi karɓar daftarin shafi a kan Donna Strickland, malamar kimiyya a Jami'ar Waterloo ta Kanada, saboda madogaran da aka kawo ba su isa ba. A watan Oktoba na shekarar ta ci kyautar Nobel a fannin fiziya, mace ta uku da ta taɓa cinta. A ranar aka buɗe mata shafi.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Muna da Wikipedia ta Hausa, da matasa masu ba da lokacinsu kyauta suna cika ta. Amma da yawa daga abin da muka sani a baki yake: tarihin unguwa a wurin dattijo, salsalar sarauta a bakin maroƙi, labarin malamin da ya yi shekara 40 yana karantarwa a zaure babu jaridar da ta taɓa ambatarsa. A 2011 an gwada wani shiri a Indiya da Afirka ta Kudu na ɗaukar hira da mutane a matsayin madogara, amma manyan Wikipedia ba su rungumi tsarin ba, domin tsoron irin abin da ya sami Seigenthaler bai gushe ba.

Idan an goge mana shafi, zagin admin ba ya dawo da shi. Abin da ya ceci Mzoli's bayan an lafa shi ne rubuce-rubucen jaridu da editoci suka tono suka jera a ƙasan shafin. Malaminmu na zaure yana buƙatar irin wannan: ɗalibin da zai yi kundin digiri a kansa, ɗan jaridar da zai je ya yi hira da shi, mujallar da za ta buga. Wannan aiki ba a cikin Wikipedia ake yin sa ba, kuma gara a yi shi tun dattijan da suka san labarin suna raye.