Yacouba Moumouni

Yacouba Moumouni, wanda aka fi sani da Denké-Denké, mawaƙi ne kuma mabushin sarewa ɗan Jamhuriyar Nijar, shugaban ƙungiyar kiɗa ta Mamar Kassey da ke Yamai. An haife shi a shekarar 1966 a yankin Tera, a yammacin ƙasar.

Tun yana yaro ya baro gida ya zo Yamai. A can zabiya Absatou Danté ta riƙe shi, ya koyi waƙa da busar sarewar Fulani, daga baya ya shiga rukunin rawa da kiɗa na ƙasa. A 1995 shi da makaɗin jita Abdoulaye Alhassane suka kafa Mamar Kassey. Sunan na jarumin tatsuniyoyin Songhai ne, wato Askiya Muhammadu, Mamar ɗan Kassey. Ƙungiyar ta haɗa molo da kalangu da ƙwarya da jitar lantarki, kuma tana waƙa da Zabarmanci da Fulatanci da Hausa.

Sunansa ya fara fita waje ta bikin kiɗa na Koudougou a Burkina Faso, daga nan aka gayyaci ƙungiyar zuwa Faransa. Faifansu na farko, Denké-Denké, ya fito a 1999, Alatoumi ya biyo baya. Muryarsa mai tsayi da sarewarsa su ne suka fi jan hankalin masu sauraro a Turai. A 2013 ƙungiyar ta fitar da faifan Taboussizé-Niger.