Gilashin kyamara mai karkata da gusawa

Gilashin kyamara mai karkata da gusawa, wanda aka fi sani da sunan tilt-shift, wani nau'in gilashi ne da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda ake iya karkatar da shi ko a gusar da shi sama, ƙasa ko gefe, alhali jikin kyamarar bai motsa ba. An fi amfani da shi wajen ɗaukar hoton gine-gine, filaye da kayan sayarwa.

Tarihi

Kamfanin Nikon na ƙasar Japan ne ya fara fitar da gilashi mai gusawa don kyamarorin fim mai milimita 35 a farkon shekarun 1960. A 1973 kamfanin Canon ya fitar da TS 35mm, wanda ya haɗa karkata da gusawa. Daga cikin na baya-bayan nan akwai TS-E 17mm na Canon a 2009, da PC Nikkor 19mm na Nikon a 2016, da GF30mm na Fujifilm a 2023.

Yadda yake aiki

Idan mutum ya tsaya a gindin Hasumiyar Gobarau ta Katsina ya ɗaga bakin kyamara sama, hasumiyar za ta fito kamar tana jingina da baya, samanta ya tsuke fiye da yadda yake. Da wannan gilashi, sai a bar kyamarar a miƙe, a gusar da gilashin sama, ginin ya shiga hoto gaba ɗaya da siffarsa ta gaskiya.

Karkatarwa kuma tana sauya sashen da zai fito tas a hoto. Ana kiran wannan ƙa'idar Scheimpflug, sunan wani hafsan sojan Ostiriya da ya yi bayaninta a 1904. Da ita ake sa gonar shinkafa ta fito tas daga gaban mai hoto har ƙarshenta. In an karkatar da gilashin ta ɗaya gefen, sai siririn sashe kaɗai ya fito, har taron masunta a kogin Matan Fada na Argungu ya yi kama da 'yan tsana idan an ɗauka daga sama.

Ingancin hoto

Ingancin wannan gilashi a gefen hoto ake gane shi, domin kusan kowane gilashi yana da kyau a tsakiya. Kowane gilashi yana jefa haske ne cikin da'ira. Sensa mai milimita 36 da 24 tana buƙatar da'ira mai faɗin kimanin milimita 43, amma TS-E 17mm yana bayar da mai kimanin milimita 67, abin da ke ba shi damar gusawa milimita 12 ta kowane ɓangare. Yayin da aka gusar da shi har ƙarshe, bakin da'irar ne ke faɗa wa sensa, kuma a nan aibi ke bayyana: duhu a kusurwoyi, dishi-dishi, ratsin ja ko kore a bakin abubuwa, da lanƙwasar layukan da ya kamata su miƙe.

Sababbin gilasan sun rage waɗannan matsaloli ta hanyar amfani da gilashi mai hana tarwatsewar launi da kuma shafe mai rage ƙyallin rana. Duk da haka, masu sana'ar kan tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11, su ɗora kyamarar a kan ƙafa uku.

Amfani da iyakoki

Hoton da bai gurɓata tsawo da faɗin bango ba yana da muhimmanci ga adana tarihin tsofaffin gine-gine, kamar Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka gina a 1831, domin masu gyara suna dogaro da irin wannan hoto. Ana iya miƙar da gini a kwamfuta, sai dai hakan kan yanke wani sashe na hoton ya kuma rage kaifinsa.

Gilasan suna da tsada da nauyi, kuma da hannu ake saita su. Yawancinsu ba a toshe gaɓoɓinsu masu motsi ba, don haka ƙurar hunturu na iya shiga ciki idan ba a kula ba.