Tarihin Makullin Kwamfuta: Daga Aljihun Mai Ita Zuwa Hannun Kamfani

Duk wanda ya sayi sabuwar kwamfuta mai ɗauke da Windows 11 ya san abin da zai fara cin karo da shi in ya kunna ta. Kafin ta bar shi ya rubuta ko da harafi ɗaya, sai ta ce ya haɗa ta da intanet, sa'an nan ya shiga da asusun Microsoft. In ba shi da asusun, dole ya buɗe, ya ba da adireshin imel, da sunan ƙasarsa, da ranar haihuwarsa. Wani kuma yana cikin aikinsa sai saƙo ya faɗo masa cewa lokacinsa ya ƙare, ya nemi izinin babba a gidansu, alhali kuwa shi ne babban, watakila ma har da jikoki. Da yawa daga cikinmu ɗalibai mun ɗauka haka kwamfuta take tun fil azal. Nufina a wannan maƙala shi ne in bi diddigin al'amarin, in nuna cewa hanyoyi biyu ne dabam-dabam aka haɗe wuri ɗaya, watau hanyar kare yara da hanyar ɗaure mai kwamfuta da kamfani, kuma ranar da aka haɗe su ba ta yi nisa ba.

Bari mu fara da asusun kansa. Asusu da kalmar sirri sun girmi kwamfutar gida. A farkon shekarun 1960, a jami'ar MIT ta Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka ƙirƙiro tsarin da mutane da yawa za su riƙa amfani da ƙatuwar na'ura guda a lokaci ɗaya. Tun da na'urar ta taron jama'a ce, sai aka ba kowa suna da kalmar sirri, don kada wani ya shiga kayan wani ko ya cinye masa lokaci. Ke nan asusu alama ce ta cewa na'urar ba taka ba ce, aro aka ba ka, kuma akwai mai kula da ita wanda zai iya korar ka.

Wannan ƙangi ne masu sha'awar ƙananan kwamfutoci suka yi wa tawaye. A watan Janairu na 1975 mujallar Popular Electronics ta buga hoton Altair 8800 a bangonta, wata na'ura da mutum zai saya a kan kuɗin da bai kai dala 500 ba, ya haɗa abarsa a gida. Don ita ne Bill Gates da Paul Allen suka rubuta manhajar da ta zama silar haihuwar Microsoft. Apple II ta biyo baya a 1977, kamfanin IBM kuma ya fito da tasa a watan Agusta na 1981. Babu ɗaya daga cikinsu da take tambayar sunan kowa. Ka kunna, ta jira umarninka, shi ke nan. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, kwamfutar da IBM ya fitar a 1984, wadda ake kira AT, tana da kuba a gabanta da ɗan makulli na ƙarfe. Maigida ya murɗa ya jefa a aljihu, ba mai iya buga komai sai ya dawo. Ga kulawar iyaye tun kafin a raɗa mata suna. Ko da Windows 95 ta zo, akwatin da ke neman suna da kalmar sirri ana iya rufe shi kawai a wuce.

To, daga ina sha'awar sanin mai kwamfuta ta taso? Daga intanet. A ƙarshen 1997 Microsoft ya sayi Hotmail, ya wayi gari da miliyoyin mutane masu asusu a hannunsa. A 1999 ya ɓullo da wani tsari mai suna Passport, da nufin mutum ya riƙe suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ya shiga shafukan kamfanoni daban-daban da su, har ya ajiye bayanin katin bankinsa a can. Sa'ad da Windows XP ta fito a watan Oktoba na 2001, ta zo da sababbin abubuwa biyu. Na farko, dole a tabbatar wa kamfani sahihancin manhajar cikin kwana 30, ta intanet ko ta tarho. Na biyu, ƙananan saƙonni da ke ta tasowa daga kusurwar allo suna roƙon mutum ya yi rajistar Passport. Ba tilas ba ne a lokacin, naci ne kawai, amma bai wuce salin-alin ba. Tun watan Yuli na 2001 ƙungiyar EPIC da wasu ƙungiyoyin kare sirrin jama'a suka kai ƙara gaban hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC. A watan Agusta na 2002 aka sasanta, Microsoft ya amince a riƙa binciken tsaron tsarin duk bayan shekara biyu har tsawon shekara 20. Mai karatu ya lura da wannan: cikin abubuwan da hukumar ta zargi kamfanin da su har da cewa ya zuzuta irin ikon da Passport ɗin yara ke bai wa iyaye fiye da yadda abin yake. Manyan kamfanoni ba su yarda su miƙa abokan cinikinsu ga Microsoft ba, irin su eBay ma da suka shiga daga baya sun fice. Passport dai bai mutu ba, suna ya sake, ya koma Windows Live ID, daga bisani a 2012 ya zama asusun Microsoft da muka sani.

Yanzu mu ajiye wannan, mu koma hanya ta biyu. A tsakiyar shekarun 1990 hankalin iyaye a Amurka ya tashi saboda abubuwan batsa da ke yawo a intanet, kuma suna da gaskiya. Majalisar ƙasar ta yi doka a 1996 don hana watsa irin waɗannan abubuwa inda yara za su gani, sai Kotun Ƙoli ta soke muhimman sassanta a 1997, ta ce sun tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Nauyin sai ya dawo kan iyaye. Masu hali suka riƙa sayen manhajojin tacewa irin su Net Nanny da Cyber Patrol suna sa wa kwamfutocinsu. Microsoft ma ya sa irin wannan matacin cikin burauzarsa ta Internet Explorer tun 1996, uba ya zaɓi kalmar sirri ya kulle abin da ba ya so. A 1998 aka sake yin wata doka, COPPA, wadda ta fara aiki a watan Afrilu na 2000, ta hana kamfanoni karɓar bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba sai da yardar iyayensa. Wannan doka ita ce tushen tambayar ranar haihuwa da ake yi mana a ko'ina. Akwai ma lokacin da Microsoft ke cire senti 50 daga katin bankin uba don ya tabbatar babba ne ya ba da izinin.

A nan nake son mu daɗe kaɗan, domin a nan hujjata take. Windows Vista, wadda ta fito a watan Janairu na 2007, ta zo da cikakken tsarin kulawar iyaye a cikinta. Uba zai iya ƙayyade sa'o'in da yaro zai hau kwamfuta, ya hana shi wasu wasanni, ya rufe wasu manhajoji, ya tace shafukan intanet, har ya duba rahoton abin da yaron ya yi. Duk wannan a cikin kwamfutar ake saita shi, a cikinta ake ajiye shi. Ba a buƙatar imel, ba a buƙatar kamfani ya san sunan yaron ko shekarunsa. Vista ta sha suka saboda nauyi da yawan tambayoyi, amma ta tabbatar da abu ɗaya da ba a iya musantawa: ana iya kare yaro ba tare da an yi masa rajista a wurin kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Vista ta bar wa mai ɗakin gyaran ɗakinsa.

Daga nan aka fara zare abin a hankali. A Windows 7 ta 2009 aka cire matacin shafuka da rahoto daga cikin kwamfuta, aka mayar da su wata manhaja dabam mai buƙatar asusun Windows Live. Windows 8 ta 2012 ita ce ta fara tayin a shiga kwamfutar kanta da asusun Microsoft, ko da yake mai son asusun cikin gida yana iya zaɓarsa. Da Windows 10 ta fito ran 29 ga Yuli, 2015, sai hanyoyin nan biyu suka haɗe. Duk uban da ke son cikakken tsarin kula da ɗansa, sai ya buɗe asusu, ya buɗe wa ɗan nasa, ya shigar da shi cikin rukunin iyali da ke ajiye a na'urorin kamfanin, ya riƙa karɓar rahoton mako-mako ta imel. Makulli ya bar aljihun maigida ke nan.

Wannan ne ya haifar da saƙonnin nan da ke damun manya. Tun da dokar yanzu tana bin asusu ne, ba na'ura ba, duk asusun da aka rubuta a matsayin na yaro, ko aka sa shi cikin rukunin iyali da ƙa'idoji a kansa, to ƙa'idojin za su bi shi duk kwamfutar da ya shiga. Asusun da ake ɗauka na yaro ne kuwa ba ya iya fitar da kansa, ba ya iya gyara ranar haihuwarsa, sai shugaban rukunin ya yi. In shugaban ya manta kalmar sirrinsa, ko ya rasu, ko dama kuskuren shekara aka yi wajen rajista, mutum ya zama raƙumi da akala a kan abin da ya saya da kuɗinsa. Irin wannan ya fi sauƙin faruwa a wurarenmu, inda galibi mai shago ne ko mai gyara ke kunna wa mutum kwamfuta, ya cike abin da ya ga dama don ya sallame shi, ga kuma tsadar data da rashin tabbas na sabis. Wani lokaci ma laifin na tsarin ne kansa. A watan Yuni na 2025 wata tangarɗa a manhajar Family Safety ta riƙa rufe burauzar Chrome a kwamfutocin da aka kunna wa matacin, ana buɗe ta tana mutuwa, ba tare da ko saƙon neman izinin ya fito ba.

Sauran labarin na matsa lamba ne. Wajen 2019, a wasu bugun Windows 10 na gida, aka ɓoye zaɓin asusun cikin gida muddin kwamfuta na haɗe da intanet, har mutane suka koyi cire waya kafin su kunna. Windows 11 da ta fito ran 5 ga Oktoba, 2021, ta wajabta intanet da asusu a bugun gida, a 2022 kuma aka faɗaɗa wajabcin zuwa bugun Pro ga mai amfanin kansa. Masu dabara suka gano wani umarni, OOBE\BYPASSNRO, da ake bugawa a tsallake shingen. A watan Maris na 2025 Microsoft ya ba da sanarwar cire shi daga bugun gwaji, aka gano wani, a watan Oktoba na shekarar ya ce zai toshe wannan ma. A watan ne kuma, ran 14, aka daina tallafa wa Windows 10, kuma mai son ƙarin shekara ɗaya ta gyaran tsaro a kwamfutarsa ta gida sai ya shiga da asusu.

Adalci ne in kawo abin da kamfanin ke kafa hujja da shi, don ba duka ne holoƙo ba. Mai asusu in ya manta kalmar sirri yana iya dawo da ita. Makullin da ake rufe bayanan faifai da shi ana ajiye masa kwafinsa, ko da na'urar ta rikice. Uwa na iya ƙara wa ɗanta lokaci daga wayarta tana kasuwa, kuma ƙa'ida ɗaya ta hau kan kwamfuta da Xbox gaba ɗaya. Waɗannan amfani ne na gaske, kuma da an bar su a matsayin zaɓi da ban ɗauki alƙalami ba. Sai dai a ganina dalilin tilastawar yana wani wurin. Windows 10 kyauta aka raba ta tsawon shekara guda ga masu Windows 7 da 8.1, domin ciniki ya tashi daga sayar da faifai sau ɗaya ya koma karɓar kuɗin wata-wata a kan OneDrive da Microsoft 365 da Game Pass, kuma ba a karɓar kuɗin wata daga wanda ba a san shi ba. In aka ce don yara ake yi, sai in tuna da masu fakewa da guzuma su harbi karsana. A watan Yuni na 2023 hukumar FTC ɗin nan dai ta ci Microsoft tarar dala miliyan 20, bisa zargin ya karɓi bayanan yara masu buɗe asusun Xbox kafin iyayensu su amince, kuma daga 2015 zuwa 2020 ya ci gaba da riƙe bayanan ko da iyayen ba su kammala rajistar ba.

Kada mai karatu ya zaci kamfani ɗaya ne kawai a wannan hanya. Chromebook da Google ya fito da ita a 2011 a kan asusun Google aka gina ta tun ran gini. Apple ma ya ɗora tsarinsa na iyali a kan asusu, ko da yake kwamfutar Mac tana barin mutum ya tsallake wannan mataki. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ita ce babbar mafakar wanda ba ya son a tambaye shi komai.

Abin da ya rage shi ne shigowar hukuma. A watan Oktoba na 2025 gwamnan jihar Kalifoniya, Gavin Newsom, ya sa hannu a wata doka da aka tsara za ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2027. Dokar ta umarci masu samar da babbar manhajar na'ura su tambayi shekarun mai amfani tun wajen kafa asusu, su kasa mutane rukuni huɗu, watau ƙasa da shekara 13, daga 13 zuwa 15, daga 16 zuwa 17, da kuma 18 zuwa sama, sa'an nan su sanar da manhajojin da suka tambaya rukunin da mutum ya faɗa. Apple da Google duk a wannan jiha hedkwatarsu take, kuma dokar ba ta ware kwamfutar tebur daga wayar hannu ba.