Ɗarikun Sufaye a Tambuwal da Kebbe

Ɗarika hanya ce ta tarbiyyar zuciya, inda muridi yake bin shehi domin neman kusanci ga Allah. A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, Ƙadiriyya ce ta fi daɗewa, kasancewar ita ce ɗarikar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ɗansa Muhammadu Buhari ya zauna Tambuwal bayan jihadin 1804. Tijjaniyya kuwa ta bazu ne bayan zaman Shehu Umaru Futi a Sakkwato cikin shekarun 1830. Batijjane yakan karɓi izini daga muƙaddami, sannan ya riƙe lazimi safe da yamma: istigfari, salatin Annabi da hailala, ɗari-ɗari. Ana yin wazifa cikin jam'i kullum, zikirin Juma'a kuma bayan la'asar.