Kebul Biyu, Layi Biyu: Tarihin Dabarar da Ke Hana Netwok Yankewa

Yau ɗan tarihi na kawo muku, kuma abin da ya jawo shi wani aiki ne da ya same ni kwanakin baya.

Mai wata cibiyar kwamfuta a nan Zuru, inda yara ke gwajin jarrabawar JAMB, ya zo shagona hankali a tashe. Yara sun biya kuɗi sun zauna, kwamfutoci duk sun daina ganin sabar. Ya ce min: "Malam, wanda ya haɗa min ya ce kebul biyu ya sa, ko ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba. To ya aka yi?" Ni mai gyaran waya ne, amma na bi shi. Kafin in faɗi abin da na tarar, bari mu koma baya.

Sabar ita ce uwar kwamfutoci, kowa daga wurinta yake ɗiba. Da can kati ɗaya ne da kebul ɗaya ke haɗa ta da siwic, wato akwatin da ke raba layi. Kebul ya lalace, shi ke nan, kowa ya zauna. A farkon shekarun 1990 wani kamfanin Amurka mai suna Kalpana ya fito da EtherChannel, dabarar ɗaure kebul da yawa su yi aiki kamar guda. Cisco ya saye kamfanin a 1994. Sai dai kowane kamfani da tasa hanyar, na wannan ba ya jin yaren na wancan. A shekarar 2000 ƙungiyar IEEE ta fitar da ƙa'ida ɗaya, 802.3ad, wadda a cikinta LACP yake, wato yaren da sabar da siwic ke yi su yarda cewa waɗannan kebul ɗin tare suke. A 2008 aka mayar da ita ƙarƙashin 802.1AX. Masu Windows kuwa sun daɗe suna dogara da manhajar masu ƙera kati irin su Intel da Broadcom, sai a Windows Server 2012 Microsoft ya sa abin a ciki da sunan NIC Teaming.

Duk ɗan Zuru ya san shanun huɗa. Biyu ne a karkiya ɗaya, garma ɗaya suke ja. To haka abin yake. In ka haɗa bijimi da maraƙi, kunya za ta karkace. Shi ya sa in haɗin ya ƙi, ga abin da ake fara dubawa:

1. Gudun katunan ɗaya ne? Kar ɗaya ya zama gigabit, ɗaya yana rarrafe a megabit 100 saboda kebul ya ci.
2. An kunna LACP a sabar da siwic duka biyun? In gefe ɗaya ne kawai, layi zai riƙa zuwa yana ɗaukewa.
3. Kar ka sa ran fayil ɗaya zai ninka gudu. Yawanci kowace hulɗa kebul ɗaya take bi, amfanin yana fitowa ne in masu ɗiba sun yi yawa.
4. Gwada da hannunka. Zare kebul ɗaya ka ga ko aiki ya ci gaba, mayar, ka zare ɗayan.

Daga sabar dabarar ta sauko wayoyinmu. A 2013 aka fitar da Multipath TCP, Apple ya sa shi a iOS 7 don Siri ta riƙa tsallakawa tsakanin Wi-Fi da data ba tare da ta yanke ba. A 2014 Samsung Galaxy S5 ta zo da Download Booster, mai haɗa Wi-Fi da 4G wajen sauke babban fayil. Mu kuma nan, tun zuwan GSM a 2001, da kanmu muka gano maganin: waya mai sim biyu. Tambayi duk mai POS a kasuwar Zuru layi nawa yake riƙe da su.

Amma akwai darasin da Najeriya ta koya da wahala. A watan Yulin 2009 kebul ɗin SAT-3 na ƙarƙashin teku ya lalace, kuma a lokacin kusan shi kaɗai muka dogara da shi. Bankuna da ofisoshi suka shiga uku, har Nijar da Benin abin ya taɓa. Daga baya MainOne da Glo-1 suka fara aiki a 2010, WACS a 2012, sannan ACE ya biyo baya. Aka ce an huta. Sai ga 14 ga Maris 2024: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka samu matsala rana ɗaya a tekun da ke wajen Kwaddibuwa, domin duk yanki ɗaya suka bi. Wanda ya yi ƙoƙarin tura kuɗi a ranar bai manta ba.

To abin da na tarar a cibiyar nan ke nan, a ƙaramin sikeli. Kebul biyu ne da gaske, katunan lafiya lau, saitin ma daidai. Amma duka biyun siwic ɗaya suka shiga, kuma adaftar wutar siwic ɗin ce ta ƙone. Shanu biyu, turke ɗaya. Muka canza adafta, yara suka ci gaba. Na ba shi shawara ya ƙara siwic na biyu da wutarsa daban, a sa haɗin a tsarin da ba ya dogara da siwic, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana.

Kai ma duba wayarka. Sim biyu na kamfani ɗaya ba kariya ba ne. Ko na kamfani daban ne, sau da yawa a kan hasumiya ɗaya eriyoyinsu suke, janareta ɗaya ke ba su wuta. In sana'arka a kan netwok take, ka lura wane layi ne ke tsayawa ranar da ɗayan ya ɗauke a unguwarku, shi za ka riƙe.

Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi. Allah Ya ba mu sa'a.