Kututturen da Aka Tumɓuke: Tarihin Dajin Kogin Gualala

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan kogi ya ƙafe ko kifinsa ya ɓace, sau da yawa dalilin yana can tudu, a ƙasar da ruwan ya ratso kafin ya iso gaɓa. A wannan maƙala ina so in bi tarihin wani ƙaramin kogi mai suna Gualala, a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, in nuna yadda aka kai wa dajinsa hari sau uku cikin shekara ɗari da hamsin, da dalilin da ya sa nake ganin na ukun, wato yunƙurin mayar da shi gonakin inabi, ya fi na farko da na biyu haɗari ko da yake ya fi su kyan gani.

Kogin yana faɗawa tekun Fasifik ne a kan iyakar gundumomin Sonoma da Mendocino, kuma sunansa ya fito daga harshen mutanen Pomo, ma'anarsa wurin da ruwa ke gangarowa. Tsaunukan da ke zuba masa ruwa gida ne ga bishiyar redwud mai jan katako, wadda babu wata bishiya a duniya da ta kai ta tsawo. Mafi tsayinta da aka auna ta haura mita 115, wasu kuma suna rayuwa fiye da shekara 2,000. Damina a can da hunturu take zuwa, sai kuma a yi watanni ba a ga ɗigon sama ba. A wannan tsakani bishiyar tana tare hazon da ke tasowa daga teku, ganyenta ya tara shi ya ɗiga ƙasa. Inuwarta tana sanyaya rafi, saiwoyinta suna riƙe ƙasar gangare. Da wannan ruwa mai sanyi da tsakuwa mai tsabta kifin salmon ya dogara idan ya hauro daga teku domin ya saka ƙwai.

Mutanen Kashia, wani reshe na Pomo, sun zauna a wannan ƙasa shekaru dubbai. A 1812 Rashawa suka kafa sansanin Fort Ross a gaɓarsu, amma babban sauyin ya zo ne bayan gano zinariya a 1848. Birnin San Firansisko ya bunƙasa kamar wutar daji, yana buƙatar katako, na redwud kuwa yana jure ruɓa da cin ƙwari. Daga shekarun 1860 injinan tsaga katako suka kafu a bakin Gualala, shanu na jan gungume, ƙananan jiragen ruwa na kwasa zuwa birni. Girgizar ƙasar 1906 ta rushe San Firansisko, aka sake gina shi da katakon waɗannan dazuzzuka. Wannan shi ne harin farko, na gatari da zarto.

Na biyu ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da katafila ta shiga daji. Aka yanka hanyoyi a gangaren tsaunuka, wani lokaci ma aka mayar da kwarin rafi hanyar jan itace. Da manyan ambaliyar 1955 da 1964 suka zo, ƙasar da aka kwance ta zube cikin koguna, laka ta binne tsakuwa, guraben ruwa masu zurfi suka cike. Jihar ta kafa sabuwar dokar sare daji a 1973, amma ɓarna ta riga ta auku. Daga cikin tsohon dajin redwud da ya kai kusan eka miliyan biyu, kusan kashi biyar cikin ɗari ne ya tsira. Salmon nau'in koho na wannan yanki ya shiga jerin halittun da ke cikin barazana a 1996, a 2005 aka ɗaga matsayinsa zuwa mai fuskantar ƙarewa.

Duk da haka dajin bai mutu ba, kuma a nan hujjata take. Redwud tana da wata baiwa: idan aka sare ta, kututturen yakan toho, 'ya'ya su kewaye shi su tashi a kan saiwar uwa. Mai saran katako yakan tafi da gungume ya bar saiwa, bayan shekara hamsin a tarar da inuwa ta dawo. Mai dasa inabi kuwa sai ya tumɓuke kututture, ya keta ƙasa da garmar inji, ya kewaye gonar da waya don hana barewa shiga, ya haƙa tafkin ban ruwa. Ƙasar da aka yi wa haka ta fita daga lissafin daji ke nan.

Me ya kai inabi kan waɗannan tsaunuka? A 1976 aka yi wata gasar ɗanɗano a Paris, alƙalai Faransawa suka fifita giyar inabin Kalifoniya a kan tasu ba tare da sanin wace suke sha ba. Daga nan darajar gonakin Napa da Sonoma ta yi sama. Da filayen kwari suka yi tsada, kuma kasuwa ta karkata ga inabin pinot noir mai son yanayin sanyi, ido ya koma kan tsaunukan bakin teku. Hazon da ke shayar da redwud shi ne ya ja hankalin manoman inabi.

A 2004 kamfanin Premier Pacific Vineyards, da jarin asusun fanshon ma'aikatan jihar, ya sayi fili kusan eka 20,000 a tudun Gualala, ya raɗa masa suna Preservation Ranch, wato gandun kiyayewa. Shirinsa shi ne ya share kusan eka 1,800 ya dasa inabi, ya yi alƙawarin kula da ragowar. Kusa da ƙauyen Annapolis kuma, kamfanin Artesa, mallakar gidan Codorníu na ƙasar Sifaniya, ya nemi share eka 154 a wurin da ke da kufan kakannin Kashia. Hukumar gandun daji ta jihar ta amince masa a 2012.

Mazauna yankin ba baƙi ba ne a irin wannan gwagwarmaya. A 2002 sun taka wa wani kamfani birki da ya nemi ɗibar ruwan kogin cikin manyan jakunkuna a ja su ta teku zuwa kudancin jihar. Ƙungiyarsu, Friends of the Gualala River, ta haɗa kai da Sierra Club da Center for Biological Diversity suka kai ƙara. A Disambar 2013 kotun gundumar Sonoma ta yanke cewa binciken tasirin muhalli da aka dogara da shi wajen ba Artesa izini yana da giɓi, a 2014 kamfanin ya janye. Shi kuwa babban filin, kuɗi ne ya warware shi. Asusun fansho ya raba gari da kamfanin, a 2013 ƙungiyar The Conservation Fund, da tallafin hukumomin jiha da na gunduma, ta saye shi a kan dala miliyan 24.5, ta sake masa suna Buckeye Forest.

Adalci ya wajaba a nan. Noman inabi ginshiƙi ne na arzikin Sonoma, dubban leburori suna cin abinci da shi, kuma mai filin da aka riga aka kwashe manyan itatuwansa yana da gaskiya idan ya ce jiran daji ya girma ba ya biyan haraji. Maganin da aka samo ya amsa wannan ƙorafi: dajin Buckeye yana aiki, ana tsintar itace kaɗan-kaɗan, ana kuma sayar da shaidar iskar kabon da bishiyoyin ke riƙewa a kasuwar da jihar ta kafa. Ta haka bishiyar da ke tsaye ta sami farashi, abin da a da sai wadda ta faɗi ke da shi.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne nasarar ba ta da garkuwa mai ƙarfi. An ceci fili ɗaya domin an sami mai saye a daidai lokacin da mai jari ya gaji, an ceci ɗayan domin an gano kuskure a takarda. Babu ɗayansu da ya haramta mayar da daji gona, kuma yawancin tudun Gualala har yanzu a hannun masu zaman kansu yake. Hukumomi suna lissafa kogin cikin waɗanda laka da zafin ruwa suka illata, koho kuma bai koma yadda yake a da ba. Amma saiwoyin suna cikin ƙasa. A 2015 mutanen Kashia suka sake mallakar wani yanki na gaɓar tekun kakanninsu, kusan eka 700, bayan an raba su da ita shekaru da yawa. Bishiyar da ta toho a kan kututturen 1960 yanzu ta haura shekara sittin, kuma idan aka bar ta, ko kashi ɗaya cikin goma na kwananta ba ta ci ba.